Faifan Malam da Madambacin Gwaggonku

Ku matso nan kusa, 'ya'yana, har da ku jikokin da kuka fara iya haɗa baƙi, akwai maganar da nake so in gyara tun ina da sauran numfashi. Kun taso kuna jin wai mahaifinku ya bar mini wasiyya a gadon asibiti, ya ce in ƙarasa masa kallon faifansa, wai shi ya sa aka same ni gaban talabijin a cikin takaba. Da Sallar da ta wuce na ji 'yar'uwarku Binta tana ba 'ya'yanta labarin, har tana share ƙwalla da bakin mayafi. Labari ne mai daɗin ji, amma ba haka aka yi ba. Malam bai bar mini wasiyyar komai a kan faifai ba. Maganarsa ta ƙarshe da ni a kan hularsa ce, ya ce in na koma gida in cire ta daga kan igiya kada rana ta cinye mata launi. Yayanku babba ne ya shirya zancen wasiyyar don ya rufa mini asiri, Allah ya yi masa albarka, ni kuma na ja bakina na yi shiru shekara da shekaru. Yau zan faɗa muku yadda abin ya kasance, da hannuna, ko da yake kun san rubutun nawa na wadda ta tsaya a aji uku ne, sai kun yi haƙuri da shi.

Malam gyaran rediyo da agogo yake yi a bakin kasuwar Azare, wannan kun sani. Abin da ƙananan cikinku ba su sani ba shi ne yadda barin makaranta ya tsaya masa a rai. Yana gama firamare aka ce ya dawo gona, ya dawo, bai yi musu ba, amma har ya yi furfura in ya ga takarda mai lambobi an ƙunso masa ƙosai a ciki sai ya warware ta ya karanta kafin ya ci. Turancinsa a littattafan gyaran rediyo ya tsince shi. Wata shekara wani malamin kwaleji da Malam ke yi wa gyara aka yi masa canjin wurin aiki, da zai tashi ya kawo masa kwali guda cike da faifan bidiyo, ya ce shi ya gama da su. Darussa ne aka ɗauka a wani aji a ƙasar waje, kashi biyu, ɗaya na lissafi, ɗaya na ilmin rana da wata da taurari, kowane faifai da lambarsa. Ranar da ya shigo da kwalin nan ya rungumo shi a ƙirji, na ɗauka wani abin ci ne, har na miƙe zan ɗauko tire.

Tun daga ranar, in ya dawo daga sallar la'asar, in akwai wuta shi ke nan, in babu ya tada ɗan janareton shagonsa, ya zauna a kujerar nan tasa ta katako da littafi a cinya. Ni kuma ina gefe a tabarma ina ɗinkin hula, don kun san ni, ƙofar gida ma sai da dalili nake leƙa ta. Mai koyarwar wani tsohon Bature ne mai farin gashi, hannun rigarsa kullum buɗu-buɗu da alli. Ban jin abin da yake cewa, amma kunnena ya kama masa wata ɗabi'a: duk sanda zai faɗi abu mai wuya sai ya yi ɗan tari sau biyu tukuna. Na sa masa suna Mai Tari. Da na ji ƙyaf-ƙyaf ɗin nan sai in ce, Malam gyara zama, ga ta nan tafe. Ya yi ta dariya, ya ce shi wata guda yana kallon mutumin bai lura ba.

Wata rana ya tsayar da faifan ya juyo gare ni.

"Asabe, ajiye allurar nan ki ji abin da ya ce."

"Ni me ya haɗa ni da shi, Malam? Ni da ko jadawalin bakwai ban kai ba."

"Ai ba don ke zan faɗa ba, don kaina ne. In na faɗa miki da Hausa kin gane, to na gane. In kika tsaya kina kallona kamar yadda kike yi yanzu, ban gane ba ke nan, sai mu koma baya."

Haka karatunmu ya samo asali. Mai Tari ya yi magana, Malam ya tsayar, ya juya mini ita da Hausa, ni kuma in na gane in maimaita masa, in ban gane ba in ce ban gane ba, ba na jin kunya. Wani lokaci sai mu koma baya sau biyar a wuri ɗaya, tuwo yana jirana. Da aka zo kan abin da ba a san adadinsa ba, wanda ake sa wa harafi a ci gaba da aiki da shi, na ce wannan ai wasa da hankali ne. Ya ce a'a, kamar baƙon da aka ce yana hanya ne, ba ki ga fuskarsa ba amma kin ajiye masa kwanonsa, kina lissafi da shi har ya iso. Nan take ta zauna mini. Ranar da aka yi darasin inuwa kuwa, ni da kaina na fita tsakar gida na kafa taɓarya, na auna inuwarta da taku, na auna inuwar dogon yaron nan da ke bakin rijiya, na faɗa wa Malam tsawon bishiyar ba tare da kowa ya hau ta ba. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ga ina taka inuwa ina ƙirgawa, ta tambaye ni ko wani abu na yar. Duk abin da muka gane Malam yakan rubuta shi a littafi da ajami, da Hausarmu, don ya ce ranar da ya manta Turancin kada karatun ya tafi tare da shi.

Mun gama na lissafi sau ɗaya, mun shiga na taurari, mun kai faifai na goma sha ɗaya. A nan aka yi bayanin husufin rana, cewa wata ne ke giftawa tsakaninmu da ita ya jefo mana inuwarsa. Na ce, to Malam, in haka ne, ai wata kowane wata yake zagayowa, me ya sa ba a yin husufi kowane wata? Ya sosa gemu, ya ce wallahi bai sani ba, amma ga alama amsar tana cikin na goma sha biyu, gobe ma gani. Ya ma sa faifan a cikin na'urar ya bar shi. Washegari ya tashi da zazzaɓi. Bayan ƙaramar Sallah ne da 'yan kwanaki. Kwana tara ya yi, Allah ya karɓi abinsa.

Na shiga takaba kamar kowace mace, wata huɗu da kwana goma, ba kwalliya, ba turare, ba fita. Zaman gida bai dame ni ba, ni da ma can 'yar gida ce. Kwanakin farko gidan cike yake, matan unguwa suna zuwa su taya ni zama, wannan ta kawo kunu, waccan ta kawo labari. Bayan sadakar arba'in ƙafa ta fara ɗaukewa, sai 'yan tsiraru. Duk yinin ina iya ɗaukarsa, ban da bayan la'asar. In na ji an sallame a masallaci, na ji takun maza suna komawa gidajensu, sai in tsinci kaina ina duban kujerar Malam. Wata la'asar ina zaune ni kaɗai aka kawo wuta, ƙwan ɗaki ya kama. Na daɗe ina kallon na'urar nan da ƙyallen da na rufe ta da shi. Sannan na tashi na kunna. Mai Tari ya fito da allinsa kamar ba abin da ya faru a duniya. Ya yi magana, ya yi magana, ya yi tarinsa sau biyu, ni kuma na saki allura ina jiran a tsayar a juyo gare ni. Ba wanda ya tsayar. Ranar na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka fita da Malam.

To ga gaskiyar da nake so ku riƙe. Ranar farko don kewar mahaifinku na kunna. Amma rana ta biyu da ta uku da waɗanda suka biyo baya, don kaina ne. Tambayata tana nan ba a amsa mini ba, kuma ina so in sani. Na koma faifan baya ina bi da littafin Malam a hannu, har kunnena ya riƙe cewa in Mai Tari ya yi wannan sautin inuwa yake nufi, in ya yi wancan hanya yake nufi. Sauran kuma zanen allo ya ishe ni, don da'ira da layi ba su da yare. In ya yi tari in tsayar da kaina, in juya ga kujerar Malam in faɗa mata abin da na gane. Na goma sha biyun nan na kalle shi ya fi sau goma. A ciki yana riƙe da wani zobe babba kamar bakin tire, ya sa fitila a gefe, yana ta karkata zoben. Rannan na ɗauko murfin tukunya ina kwaikwayonsa, na riƙe shi a miƙe, sannan na ɗan karkata shi, sai abin ya faɗo mini gaba ɗaya. Hanyar wata a karkace take. Yawancin watanni yakan wuce ta sama da rana ko ta ƙasa da ita, inuwarsa ta tafi can ta ɓace, sai jefi-jefi suke haɗuwa daidai. Ban san sanda dariya ta ƙwace mini ba, da ƙarfi, har da buga cinya.

A daidai nan aka ɗaga labule. Gwaggonku ce, Hajiya, yayar Malam, ta iso daga Katagum da ƙullin busasshen kifi ta zo duba ni. Ku da kuka san ta a tsufanta ba ku san ta ba. Ita ta goyi Malam, Habu kamar yadda take kiransa, da uwarsu ta rasu, ita ta yaye shi, ita ta zo neman aurena. Ku tsaya a inda ta tsaya ku gani: matar ƙaninta, cikin kayan takaba, ga namiji a talabijin, ga murfin tukunya a hannu, tana ƙyaƙyata dariya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye kifin, ta ce ƙaninta bai cika wata biyu a ƙasa ba. Na so in yi mata bayani, amma me zan ce, wata ya karkace? Ta aika aka kira yayanku daga shago, ta sa shi ya kwashe faifan duka ya zuba a jakar bakko. Yana yi kansa a ƙasa, bai dubi ko ɗayanmu ba. Littattafan kam ta buɗe ɗaya ta ga ajami, ta ɗauka addu'o'i ne, ta sumbace shi ta mayar. Da ta zo fita sai ta tsaya, don ba muguwa ba ce, ta buɗe mini ƙofa.

"Asabe, ce mini shaiɗan ne ya rinjaye ki. Ce ba za ki ƙara ba, in bar miki kayan ƙanena, maganar ta mutu a ɗakin nan."

Kalma biyu ce da na faɗa da an wuce wurin. Na san abin da takaba ta hana ni, na kiyaye shi duka, kuma ban ga sauraron karatu a ciki ba. Na ce:

"Yaya, ba zan yi miki ƙarya ba. In aka kawo wuta gobe, zan kunna."

Ta ɗauki jakar ta tafi, ko ruwa ba ta sha ba. Kafin kwana uku zance ya zaga unguwa, kuma kun san yadda zance ke ƙiba a hanya: Baturen ya zama ɗan wasan Indiya, murfin tukunya ya zama rawa. Matan da suka rage suna taya ni zama suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Yayanku a masallaci ma sai ya ji an yi shiru in ya iso, a nan ne ya fara cewa ai wasiyya ce mahaifinsa ya bari. Sauran wata biyu da 'yan kwanaki na yi su ni kaɗai da littattafan ajami da kujerar da ba kowa a kai. Ba zan ce muku ban yi nadama ba ko sau ɗaya. Akwai la'asar ɗin da na ce da na sani na faɗi kalma biyun nan na huta.

Na fita takaba da zafin bazara ya fara. Ba a yi sati biyu ba rediyo ta shiga sanarwa cewa rana za ta yi husufi da hantsi ranar kaza, kada kowa ya kalle ta da ido. Sai na tuna yadda muke yi tun muna yara, yadda har yau mata ke yi: a cika daro da ruwa a tsakar gida a leƙa ranar a ciki, wai ruwa ya kashe mata kaifi. Malam ya taɓa juya mini gargaɗin Mai Tari a kan wannan, cewa hasken da ya dawo daga ruwa ma yana iya yi wa ido lahani. Hajiya kuwa ba a daɗe da yi mata aikin yanar ido ba, kuma na san ta, ba za a yi abu a sama ba ta leƙa ba. Idonta ne ya tashe ni ko faifaina? Na sha tambayar kaina. Duka biyun ne, ban san wanda ya fi nauyi ba. Ranar ina idar da sallar asuba na yafa mayafi na nufi tasha, ni da ban taɓa shiga mota ni kaɗai ba. Wata mata 'yar Gadau da muka zauna kusa ta ga yadda na ƙanƙame kujera, ta tambaye ni ko asibiti za a kai ni.

Na isa Katagum da hantsi. Hajiya ta amsa sallamata a taƙaice, ta sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa, ba ta tambaye ni abin da ya kawo ni ba. Muna zaune haske ya fara canzawa, ya yi wani rawaya-rawaya kamar na tsohuwar fitila, iska ta yi sanyi, kaji suka fara komawa gindin rumbu. Maza suka tafi masallaci, can waje ana ta buga gwangwani. Surukarta ta jawo daro ta cika shi, matan gidan suka kewaye, Hajiya ta dafa gwiwa ta miƙe za ta je. Ban tsaya neman izini ba, na cire mayafina na shimfiɗa a kan daron. Kafin su gama buɗe baki na shiga madafa na ɗauko madambacinta, wanda take turara dambu da shi, mai huda-huda a gindi. Na juya wa rana baya, na ɗaga shi sama, na ce kowa ya dubi ƙasa.

A cikin inuwar madambacin, kowace huda ta zubo da ɗan jinjirin wata. Ga su nan reras a kan daɓe, kamar an yanka farce an jera. Wata ta ce ku dubi gindin bishiya, muka duba, duk inda haske ya ratso ganye haka ne, tsakar gidan ta cika da su. Hajiya ta durƙusa ta sa yatsa ta taɓa ɗaya, ta ce ikon Allah. Na ce ikon Allah ne, Yaya, shi ya ɗora kowannensu a hanyarsa, wannan da kike gani ranar ce da kanta, abin da ya rage wata bai rufe ba. Ta ce yaya ɗan wata zai rufe rana. Na ce ta rufe ido ɗaya, ta ɗaga babban yatsa kusa da fuska ta dubi rumbun can. Ta yi, rumbu ya ɓace. Ta daɗe a haka. Sannan ta sauke hannu ta dube ni da idon nan nata mai kaifi.

"To in haka ne, ai wata kullum yana zagayowa. Me ya sa ba ya yi kowane wata?"

Na ce a miƙo mini murfin tukunya. Na riƙe shi a miƙe, na karkata shi, na faɗa mata kamar yadda na faɗa wa kujerar Malam. Ta ce ba ta gane ba, in sake. Na sake. A na uku ta gyaɗa kai.

"Habu ne ya koya miki wannan?"

"Shi ya kawo ni bakinsa, Yaya. Wannan ɗin ni na ƙarasa, ranar da kika shigo."

"Dariyar ke nan?"

"Ita ce."

Muka yi alwala muka yi salla tare da sauran mata har rana ta washe. Da zan tafi ta jawo jakar bakkon daga ƙarƙashin gado ta ce in ɗauki tarkacena. Uku babu a ciki, an rataye su a lambu suna korar tsuntsaye, rana ta gama da su. Har yau akwai rami a karatuna a wurin nan, na goma sha biyar na taurari da biyu na lissafi, in na zo wurin sai in tsallaka kamar mai tsallake kwata. Haƙuri kam ba ta ba ni ba, ni ma ban nema ba. Amma wata na zagayowa ta zo Azare ganin likitan ido, ta sauka a gidana, da aka yi la'asar ta zauna a kujerar Malam, wadda ba wanda ya taɓa zama a kai tun rasuwarsa, ta ce in kunna mata mai tarin nan ta ga abin da ya fi ta.

Shekara tara tana zuwa. Ita ta zama mai cewa ban gane ba, koma baya, kuma ta fi ni tsanani, don ita in ba ta gamsu ba sai ta ce ƙarya yake yi. Da ita na gama na taurari, na maimaita na lissafi, da ita muka shiga na jikin mutum da yayanku ya samo mini da kansa, ya kawo ya ajiye mini. Matan unguwa wasu sun dawo, wasu har suka mutu ba mu koma kamar da ba, wannan na biya shi kuma ban ce a mayar mini ba. Don haka kada in ƙara jin ana cewa Gwaggo ta zalunce ni. Na gode wa Allah da ya ba ni mijin da ya ɗauke ni abokiyar karatu, na gode wa tsohon nan mai alli da bai san ina duniya ba, na gode wa yayanku da ƙaryarsa ta ƙauna, ko da yake yau na sauke masa ita.

Yanzu Hajiya ta bi ƙaninta, Allah ya jiƙansu. Kun saya mini waya kun cika ta da darussa, har da masu yi da Hausa, ina kallo kullum bayan la'asar, yanzu ina kan yadda ganye ke cin hasken rana. Sai dai har yanzu a kan tsarin Malam nake: abin da ban faɗa wa wani ya gane ba, ban gane shi ba. Kujerar tana nan, na sa an gyara mata ƙafa. A cikinku wa zai zo ya zauna a kai ranar Juma'a, in tsayar in faɗa masa, ya dube ni ya ce, Inna, ban gane ba, koma baya?